Sunan Wardi a Ƙasar da Ba Ya Tsiro: Nazarin Kalmomin Ingilishi Masu Tushe Ɗaya

Kalmar “rose” a Ingilishi sunan itacen nan ne mai ƙaya da fure mai ƙamshi, wanda Hausa ta sani da wardi. Ma'anarta ta asali ke nan. Sai dai duk wanda ya bi sawunta a ƙamus zai tarar ta hayayyafa, kuma mafi yawan zuriyarta ba su haɗa jini da itacen ba. Akwai launi a cikinsu, akwai dutse da katako da ƙarfe, akwai carbi, har da cutar gona. Tsohuwar al'ada ce ta Turawa: idan suka ci karo da baƙon abu mai ja-ja, ko mai zagayayyen tsari, ko mai ƙamshi, sai su ara masa sunan furen da suka fi ƙauna. Abin lura ga mai karatu a ƙasar Hausa shi ne da yawa daga abubuwan da aka yi wa wannan aro nasa ne, suna gonarsa da dajinsa da kasuwarsa, alhali wardin kansa baƙo ne a wurinsa. A duk Afirka kudu da Sahara, tsaunukan Habasha da kewayensu ne kaɗai ke da wardin daji ɗan ƙasa. Wanda ake gani a lambunan Jos da gidajen masu hali dasa shi aka yi.

Ingilishi ta karɓi kalmar daga Latin, inda ake cewa “rosa”, ita kuma tana da alaƙa da “rhodon” ta Girkanci. Mafi yawan masana tarihin harshe suna mai da tushen duka biyun zuwa wata tsohuwar kalmar ƙasar Farisa, wadda ita ce kuma ta zama “ward” a Larabci. Daga Larabci Hausa ta sami wardi. A bisa wannan ra'ayi, kalmar Bature da ta Bahaushe gida ɗaya suka fito, ɗaya ta bi ta Rum, ɗaya ta bi ayari. Hanyar da kowace ta bi ta bar mata alama. Baturen Ingila ya san itacen a bayan ɗakinsa, shi ya sa in ya faɗi kalmar fure yake gani. Bahaushe a kwalba ya fara saninsa, shi ya sa wardi a bakinsa ya fi karkata ga turare da ruwan ƙamshi.

Kalmomin da suka shafi wardi na gaskiya ba su da wuyar sha'ani. “Damask rose” shi ne irin da aka jingina wa birnin Dimashƙa, kuma shi ake tatsa a yi turare. Ana nomansa a Kazanlak ta Bulgeriya, da Isparta ta Turkiyya, da Kashan ta Iran, da Kalaat Mguna ta Maroko, da Ɗa'ifa kusa da Makka. Da ruwan wardi gauraye da zamzam ake wanke cikin Ka'aba. Man da ake samu daga furen shi ne “attar”, kalmar da ta fito daga sunan turare a Larabci, kuma sai an dafa tan 3 zuwa 4 na fure kafin a sami kilo 1. “Julep”, abin sha mai zaƙi, asalinsa sunan ruwan wardi ne a Farisanci. Masu lambu suna da nasu kalmomin: “hip” shi ne jan ɗan da ke fitowa bayan fure ya kaɗe, “hybrid tea” kuma irin da aka samu ta haɗa wardin Turai da na Sin, wanda aka saba ƙirga farkonsa daga wani da aka fitar a Faransa a 1867. Mafi yawan furannin wardi da ake sayarwa a kanti yau jikokinsa ne.

Daga nan aro ya fara, kuma ƙofarsa mafi faɗi ita ce launi. “Rose” da “rosy” da “roseate” duk suna nufin ja mai haske, wanda Hausa ke kira ruwan hoda. A Ingilishin yau da kullum “pink” ta fi yawo, ita ma daga sunan wani furen dabam. Faransanci kuwa da “rose” yake kiran launin, saboda haka ɗalibin Agadas ko Tawa da ya fara da Faransanci yakan san ta a matsayin launi kafin ya san ta a matsayin fure, ɗalibin Kano ko Zariya kuma akasin haka. Tafkin Retba na Senegal da wannan sunan duniya ta san shi, saboda wani ƙaramin gansakuka mai son gishiri da ke rina ruwansa. Ƙarfen rodiyam, wanda William Wollaston ya gano a Ingila a farkon ƙarni na 19, fari ne sol. Gishirinsa ne ke da launin wardi, kuma daga nan sunan ya zo.

Babu inda ya fi dacewa a auna wannan kalmar launi kamar Tegidda-n-Tesumt, wadda taswira ke rubutawa Teguidda-n-Tessoumt, ƙauyen gishiri da ke kilomita 80 da 'yan kai arewa da Ingal, a jihar Agadas. Sunan na Buzanci ne, kuma “tesumt” gishiri ne. Shi ya bambanta ta da sauran Tegiddodi biyu na yankin, Tegidda-n-Adrar da Tegidda-n-Tagait. Mazaunanta dangin mutanen Ingal ne, masu magana da Tasawak, harshe mai tushen Songai da ya sha Buzanci sosai, kuma Hausa ita ce harshen cinikinsu da baƙi. Wardi ba zai rayu a can ba. Ƙasar yumɓu ce mai zartsi, ruwan sha ma daga nesa ake kawo shi.

Duk da haka, Tegidda ta shahara a Turai da Amurka ta hanyar hotunan da aka ɗauka daga sama, kuma launi ne ya sa. Ɗaruruwan ramuka ne zagayayyu manne da juna, wani ja, wani ruwan hoda, wani ruwan goro, wani rawaya, wani fari. Mai kallon hoto ado yake gani. Mai aikin gishiri kuwa matakan aiki yake gani, domin kowane launi yana faɗin inda aka kwana. Ana ɗebo ƙasa mai gishiri a zuba a babban rami, a kwarara mata ruwan zartsi na rijiyoyin wurin, a dama, a bar ta ta kwanta. Ruwan da ya taso sama, wanda ya sha gishiri sau biyu, shi ake kwashewa zuwa ƙananan ramuka inda rana da iska za su shanye shi. Maza ne galibi ke aikin ƙasa da manyan ramuka, mata kuma su ke kula da ƙanana, suna ƙara ruwa, suna fasa ɓawon da ya kama a sama don bushewa ta ci gaba, suna kwashe abin da ya kwanta. Laka da aka gama tatsewa a gefe ake jibge ta, har ta zama tuddai da suka kewaye wurin. Launin rami ya dogara da irin yumɓun da aka jiƙa, da zurfin ruwan, da yawan gishirin da ya taru, da ƙananan halittun da ke rayuwa a zartsi. Gishirin da ake samu jaja-jaja ne saboda ragowar yumɓu. Ana cura shi dunƙule-dunƙule a shanya, kuma mafi yawansa dabbobi ake kai wa. Da damina ta faɗi, ruwan sama ya cika ramukan, aiki ya tsaya, sai makiyaya Buzaye da Fulani su gangaro filayen Ingal da garkunansu don lasar gishiri, taron da ke kai ƙololuwa a watan Satumba.

Jan wannan yanki ba sabon labari ba ne. Ibn Baɗuɗa ya sauka a Takadda a 1353, garin da masu binciken kufai ke dangantawa da Azelik da ke kusa da Tegidda, ya kuma ambaci gidajenta na jan dutse, da ruwanta da ya sauya launi da ɗanɗano, da jan ƙarfen da ake kaiwa Gobir da Barno. Edmond da Suzanne Bernus, waɗanda suka buga littafi kan gishiri da dabinon Ingal da Tegidda a 1972, aikin da mutanen suka bi, ba kyan gani kawai ba. Abin da wannan ke nunawa game da kalmar Ingilishi a fili yake. “Rosy” ba launi kaɗai take ɗauke da shi ba. Tana tafe da ma'anar lafiya da sauƙi da kyakkyawan fata. Kumatu masu wannan launi alamar ƙoshin lafiya ne a wurin Bature, makoma mai wannan launi kuma makoma ce mai kyau. In aka ɗora kalmar a kan ramin da mace ke tsaye a bakinsa da rana tsaka, zartsi na cin ƙafarta, launin ya yi daidai amma abin da ya biyo bayansa bai yi ba. Ruwan hoda na Hausa bai da wannan nauyi. Hausa takan kira launi da abin da ido ya saba da shi, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ba tare da ta yanke wa abin hukunci ba.

Ƙofa ta biyu ita ce siffa. Duk abin da ya zagaye tsakiya ɗaya, ganye bisa ganye, yana iya samun sunan. Zagayayyar tagar manyan majami'un Turai “rose window” ce, zanen da ke nuna gabas da yamma a taswira “compass rose” ne, kan butar ban ruwa mai huji-huji ma “rose” ne. “Desert rose” kuwa dutse ne: inda ruwan ƙasa mai ma'adini ya bushe a cikin rairayi, jifsum yakan daskare fale-fale, faifai na ratsa faifai, ya haɗiye yashi ya ɗauki launinsa. Ana samunsa da yawa a kudancin Tunisiya da Aljeriya, inda ake sayar wa masu yawon buɗe ido. Bushewar da ke haifar da shi ita ce dai ke haifar da gishirin Tegidda, ma'adinin kuma shi ne wanda ake haƙowa a ƙasar Sakkwato da Tawa a zuba a siminti.

Mafi nauyin kalmomin siffa a tarihin ƙasar Hausa ita ce “rosette”, wato ƙaramin wardi. A Ingila sunan kintinkirin da ake naɗewa a liƙa wa dokin da ya ci gasa ne. A gonar gyaɗa kuwa sunan cuta ne, wadda manoma ke kira kuturtar gyaɗa. Darɓa ce ke yaɗa ta daga tsiro zuwa tsiro. Gyaɗar da ta kamu takan tsumbure, ganyenta ya ƙanƙance ya murɗe ya yi rawaya, ya cure wuri ɗaya, kuma wannan curewar ce ta tuna wa masanin Turai da fure. An fara bayyana cutar a rubuce a Tanganyika a 1907. A 1975 ta afka wa arewacin Najeriya, ta lalata kimanin hekta 700,000, bayan farin da ya riga ya karya manoma, kuma kudancin Nijar bai tsira ba. Tana cikin dalilan da suka sa dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake tashi ba. A nan sunan Hausa ya fi gaskiya nesa ba kusa ba. Ya kalli naƙasa da asara, na Ingilishi ya kalli zane.

Tsirrai uku na Sahel da Sahara sun ci gajiyar aron, ko kuma ya cuce su. Na farko kariya ce, wadda ita ma “desert rose” ake ce mata, suna ɗaya da dutsen da aka ambata. Itace ne gajere mai kumburarren gindi, wanda ke fitar da fure ruwan hoda da rani, lokacin da ba shi da ganye ko ɗaya. Danginsa tumfafiya ne da kwankwani, kuma ruwan jikinsa dafi ne mai taɓa zuciya, wanda aka daɗe ana shafa wa kibiya a sassan Afirka. Yau ana dasa shi a tukunya daga Tailan zuwa Amurka. Furen wardi ana ci, ana sha, ana zuba shi a alewa; wanda ya ɗauka kariya ƙanwarsa ce saboda suna zai iya jawo wa gidansa masifa. Wannan shi ne babban aibin al'adar: sunan da aka ara saboda kama yakan ɗauko amincin mai sunan ya ba wanda bai cancanta ba.

Na biyu yakuwa ce, “roselle” a Ingilishi. 'Yar'uwar rama ce da kuɓewa da auduga. Hausa ta rarraba ta bisa amfani: ganyen yakuwa ne na miya da fate, jan kwanson da ke rufe 'ya'ya shi ne zoɓo, irin kuma gurguzu ne da ake yin daudawar batso da shi. Abin da ake dafawa a sha ba furen ba ne, kwanson da ya kumbura bayan fure ya faɗi ne, ko da yake takardun fatauci suna kiransa busasshen fure idan ana loda shi daga Jigawa da Kano zuwa Meziko. Na uku shi ne “rose of Jericho”, ƙaramin tsiron hamada dangin kabeji, wanda ke dunƙulewa idan ya bushe ya kuma buɗe idan ya ji ruwa. Larabawa tafin Maryam suke ce masa, alhazan ƙasashe da dama kuma suna sayensa a kasuwannin Makka da Madina su kai wa mata masu juna biyu.

Ƙamshi ya ba da kalma ɗaya mai muhimmanci, “rosewood”, sunan katakai masu nauyi da duhun ja waɗanda wasunsu ke ƙamshin wardi idan an yanka. Na Afirka ta Yamma shi ne madobiya, itacen da makiyaya ke sassabe wa shanu ganyensa da rani. Shigarsa cikin jerin katakan da masu kujerun alfarma na Sin ke nema ya sa aka yi masa sara ba ƙaƙƙautawa, daga Gambiya zuwa Taraba, har aka sanya shi a 2016 cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu. Suna a nan farashi ne. Itacen da aka sani da kiwo da magani ya koma kayan kwantena da zarar ya shiga ajin da kasuwa ta riga ta yi wa daraja.

Sauran kalmomin daga addini da tarihin Turai suka fito, kuma ba a gane su sai da labarinsu. “Rosary” asalinta lambun wardi ne a Latin. Aka kira jerin addu'o'in Katolika ga Maryam da haka, daga baya sunan ya koma kan ƙwayoyin da ake ƙirga su. Marubutan Ingilishi sukan yi amfani da ita ga carbin Musulmi ma, shi ya sa ake cin karo da ita a littattafan da ke bayanin Tijjaniyya da Ƙadiriyya. “Sub rosa”, wato ƙarƙashin wardi, tana nufin a asirce, domin furen alamar riƙe sirri ne tun zamanin Rumawa. Yaƙin gadon sarautar Ingila da ya faro a 1455 tsakanin gidan York mai farin wardi da gidan Lancaster mai ja, daga baya aka raɗa masa sunan yaƙin wardi. Henry na Bakwai da ya hau gado a 1485 ya haɗa furannin biyu suka zama tambari ɗaya, wanda Ingila ke riƙe da shi har yau. A karin magana, gadon wardi jin daɗi ne marar wahala, kuma galibi da korewa ake faɗinsa. Tabarau mai launin wardi kuwa halin wanda ba ya ganin aibi ne. A ƙarni na 19 aka yayata ma'anar launukan furen, ja ga soyayya, fari ga tsarki, rawaya ga kishi a da, ga abota a yanzu. Wannan ce ta iso biranen Hausa ta fina-finai da waya da ranar masoya ta 14 ga Fabrairu, kuma da yawa daga furannin da Turai ke saye a ranar daga gonakin Naibasha ta Kenya da na Habasha suke tashi. Waƙar soyayya ta Hausa tana da furanninta da turarukanta tun kafin haka, amma miƙa fure a hannu a matsayin saƙo sabon shiga ne.

Ba Ingilishi kaɗai ke aron suna ba. Hausa ma tana da dankalin Turawa da gwandar daji da albasar kwaɗi. Bambancin shi ne Hausa takan bar shaida a jikin sunan cewa aro ne, ta ce na Turawa, na daji, na kwaɗi, mai ji ya san ba na ainihi ba ne. Ingilishi ma takan yi haka a wasu, amma a “rosette” da “rosary” aron ya narke cikin kalmar. Shi ya sa mai fassara da ya ga “desert rose” ya rubuta wardin hamada bai faɗa wa Bahaushe komai ba. Sai ya duba ko dutse ake nufi ko kariya. Aikin da J. M. Dalziel ya yi a 1916, na jera sunayen tsirrai na Hausa kusa da na kimiyya, har yanzu shi ne irin hanyar da ke warware wannan ruɗani, domin sunan kimiyya ba ya bin kama.

Akwai kuma waɗanda ko aron ba a yi musu ba, sauti ne kawai ya yi daidai. “Rosemary”, ganyen ƙamshin da ake sa wa nama, daga Latin take, ma'anarta raɓar teku. “Tuberose”, farin furen turare ɗan asalin Meziko, sunansa na nufin mai kumburarren saiwa, ƙarshen kalmar ne ya yi kama da wardi. Wadda ta fi kama ɗalibai ita ce “rose” ta aikatau, shuɗaɗɗen lokacin “rise”, wato ya tashi, ya hau. Rubutu ɗaya, furuci ɗaya, tushe dabam: wannan tsohuwar kalmar Jamusawa ce da ba ta taɓa bi ta Farisa ko Rum ba. A labaran jarida da rahotannin kasuwa ita ce ta fi yawa, inda ake maganar tashin farashi ko hawan ruwan kogi, kuma ana gane ta da cewa takan biyo bayan mai aikatawa, ba ta karɓar “a” ko “the” a gabanta.